Darakta da Taswirar Ƙaura

Ba darakta ba ne fa. Mai kula da sito ne a wani kamfanin sayar da kayan ofis, aikinsa ya karɓi kwali ya miƙa kwali. Abin da ya faru shi ne an gayyaci daraktan kamfanin wani taron ƙara wa juna sani na kwana biyu, ciwon haƙori ya kwantar da shi, aka duba duk ofis babu wanda zai yi kwana biyu ba ya nan ba a lura ba sai mutuminmu. Ya je, aka maƙala masa katin ubangidansa a ƙirji, ya dawo bai cire ba har sati ya zagayo. Tun daga nan unguwa ta laƙaba masa Darakta, shi kuwa in an kira sai ya amsa har da gyaran murya.

Abu ɗaya ya kwaso a taron, wai shi taswirar tunani. A shagon mai aski da ke jikin gidansu ya fara baje kolinsa, rabin kansa an aske rabi ba a aske ba.

"Ku matsalarku jeri," in ji shi. "Ɗaya, biyu, uku, sai ka ce masu layin famfo. Ƙwaƙwalwa ba haka take aiki ba. Ka rubuta abin da ke gabanka a tsakiyar takarda, ka zagaye shi. Sai ka ja reshe, ka sa abin da ya fara zuwa maka a rai. Daga wannan ka sake jan wani reshen. Kalma ɗaya ko hoto ɗaya, kowane reshe da launinsa. Kafin ka ankara duk tunaninka ya fito fili."

"To in mutum ba shi da tunanin fa?" mai aski ya tambaya.

"Sai ya riƙe almakashi," in ji Darakta.

Ana nan sai ƙaura ta kama su. Mai gidan hayar ya ce su fita ranar Asabar ta makon gobe, saboda zai sa a yi fenti sabon ɗan haya ya shigo. Sun riga sun sami wani gidan, tafiyar minti goma a mota, don haka ba wani abin tashin hankali ba ne. Abin da ya dami uwargida shi ne ranar. A wannan Asabar ɗin, ƙarfe biyu na rana, babbar 'yarsu za ta zauna jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya. Sau ɗaya ake yinta a shekara. Bara zazzaɓi ya hana ta, ta yi shekara guda tana karatu a bakin taga tana kallon ƙawayenta suna wucewa da fararen kaya. Kuma dokar wurin a bayyane take: ba a shiga sai da kati mai hoto da hatimi, ƙarfe biyu na bugawa a rufe ƙofa.

"Baban yara, mu roƙi mutumin nan ya ƙara mana kwana ɗaya," in ji uwargida.

"Roƙo? Ni?" Darakta ya dafa ƙirji. "Ƙaura da jarrabawa rassa biyu ne kacal a bishiya ɗaya. Ki zuba ido. Kafin sha biyu kina sabon gida kin miƙe ƙafa."

Ya ɗauko takarda ya fara, reshe na uku ya faɗa ƙasa. Ya haɗa takardu huɗu, suka cika. Ya ɗaga kai yana tunani, idonsa ya sauka a kan bangon falo, fari ƙal, faɗi guda. Tunda dai fenti za a yi, ai babu asara. Ya kwaso alƙaluman launi masu kauri, ya zana kansa a tsakiyar bango riƙe da mabuɗi, ya zagaye.

Uwargida ta leƙo daga kicin. "Wannan kwaɗon fa na mene ne?"

"Ni ne."

"Allah ya ba ka haƙuri, ban ga hular ba."

Kwana tara yana yi, kullum ya taso daga aiki sai bango. Rassa suka cika bangon farko, suka karya kwana, suka bi bayan ƙofa, wani koren reshe ya hau har silin sai da aka aro tsani. Daga nan aka shiga ɗaure kaya, kuma a nan ne mutanen gida suka gane abin ba wasa ba ne. Kowa a duniya yakan ɗaure kayan kicin wuri ɗaya, na ɗaki wuri ɗaya. Darakta ya ce wannan tunanin masu jeri ne. Shi kowane abu zai ɗaga shi sama, ya lumshe ido, duk abin da ya fara zuwa masa a rai, to reshensa ke nan, kwalinsa ke nan.

Bargo da dutsen guga da barkono suka haɗu a kwali ɗaya, reshen Zafi. Cokula suka bi shebur, tunda duk ɗiba suke yi. Agogon bango ya tafi da takalma da famfon keke, saboda tafiya. Da uwargida ta nemi hoton marigayi mahaifinta, sai ta same shi kwance a kan buhun albasa tare da lema da buta.

"Babana ne a cikin albasa?"

"Reshen Ruwa ne. Albasa hawaye, shi ma in kin tuna shi hawaye. Ki dubi yadda abin ya zauna daram."

Ta dube shi, ta dubi hoton, ta koma kicin. Kwana uku a gidan da murfin kwano ake juya miya.

Kwali arba'in da bakwai aka ɗaure, kowanne ya sha igiya da salatif har zagaye uku, don Darakta in dai ɗaurin kwali ne ba a fi shi ba. Sai dai babu rubutu a jikin ko ɗaya. Hoto ne kawai da launi: jan kifi, shuɗiyar fitila, koren tsani. Wanda ke son sanin abin da ke cikin jan kifi sai ya je bango ya bi jan reshe har ya kai ga kifin.

Ranar Juma'a ya tarar da katin jarrabawar a cikin littafin 'yarsa, ya zare shi.

"Baba, bar shi a hannuna," in ji ta.

"Uwata, cikin hayaniyar ƙaura zai salwanta. Duk abin da ke wajen taswira ɓatacce ne. Gobe ki ce kati, kafin ki rufe baki yana hannunki."

Ba ta so ba, amma ba ta saba yi masa musu ba. Ta bi katin da ido har ya fita da shi.

Asabar ƙarfe bakwai ƙanin uwargida ya iso da motarsa ta ɗaukar kaya. Shi direba ne, kuma tun ranar da ya zama suruki bai taɓa barin maganar Darakta ta faɗi ƙasa ba, sai ya mayar masa da martani. Ya shiga falo ya tsaya yana kallon bango, baki buɗe.

"Yaya, wa ya yi muku wannan aika-aikar? Kun kai ƙara?"

"Taswira ce. Kai naka tuƙi."

"To bari in ɗauke ta a waya, tunda bango dai ba zai shiga mota ba."

"Mayar da wayarka aljihu. Hoto na masu mantuwa ne. Wanda ya zana da hannunsa, abin yana nan," ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Ka tashe ni daga barci in karanta maka ita reshe-reshe."

Aka fara lodi. Direba ya so a sa manya a ƙasa, ƙanana a sama, sawu biyu a gama. Darakta ya tare ƙofa ya ce reshe ba ya hawa kan reshe, ja da ja za su tafi, kore da kore. Sawun farko mota ta cika har tana nishi. Sawu na biyu, reshen ruwan ɗorawa, kwali biyu ne da tabarma, mota ta tafi tana ƙarar wofi. Maƙwabta suka firfito bakin ƙofa. Mai aski ya bar wani da kumfa a haɓa ya jawo benci waje.

A sawu na uku aka ji wani abu yana ɗiga daga kwali mai hoton wata.

"Me ke cikin wannan?" in ji direba yana sunsuna hannunsa.

"Reshen Zagaye. Faranti, ƙwallon yara, tayar keke, ƙwai."

"Ƙwai da tayar keke! Yaya, a taron nan an ba ku abinci kuwa, ko da yunwa kuka yi karatun?"

Kabad ɗin uwargida ma bai tsira ba. Ƙofofinsa sun tafi a reshen Buɗewa, madubinsa ya bi talabijin da tabarau, kusoshinsa kuwa suna can cikin gishiri da allura a reshen Ƙanana. Abin da ya rage aka jingine a mota, ya wargaje a kwanar farko, direba ya tsaya yana tsintar katako a titi masu babur suna yi masa kirari.

Sawu shida aka yi. Sha biyu da rabi aka sauke na ƙarshe, aka jibge kwalaye a ɗaki ɗaya har suna taɓa silin. Mai aski ya rufe shago ya biyo sawun ƙarshe, wai ya zo ganin gida, alhali kowa ya san ƙarshen wasa ya zo gani. Darakta ya tsaya a tsakar gida ya riƙe ƙugu, gumi na zuba, yana jiran yabo.

'Yarsa ta fito a shirye, biro biyu a hannu. "Baba, kati."

"Yanzun nan." Ya juya da ƙarfin gwiwa ya fuskanci bango. Bangon sabon gida ya dube shi, fari fat, babu ko ɗigo.

Ya lumshe ido ya ƙwanƙwasa goshi. Babu abin da ya fito sai jan kifi. Ya sake ƙwanƙwasawa, kifin ya juya ya koma fitila.

"Ko in tashe ka daga barci ne, Yaya?" in ji direba.

"Tayar da mota! Dubawa ɗaya zan yi, don tabbatarwa."

Tun daga bakin ƙofar tsohon gida warin fenti ya tare su. A falo wani mutum ne a kan tsani yana ta mulka fari yana 'yar waƙarsa. Bango uku sun tafi. Na huɗun ma saura tsakiya.

"Tsaya! Kai, tsaya! Wa ya ce ka fara?"

Mai fenti ya leƙo ƙasa. "Ranka ya daɗe, cewa aka yi da an kwashe kaya in shiga. Na zo na ga an kwashe."

"Ka san abin da ka shafe? Tunanin kwana tara ne!"

"Ni dai na ga yara sun ɓata bango, har na ce Allah ya shirye su. Wannan kwaɗon ne ya ƙi ɓoyuwa, sai na yi masa shafi biyu."

Darakta ya faɗa wa bango da hannu biyu yana goge ɗanyen fenti. Ya goge da tafi, ya goge da hannun riga, ya cire hula ya goge da ita. Ja da kore da shuɗi suka narke cikin fari suka zama wani abu mai kama da ruwan wanki. Ya manna fuska yana ƙoƙarin karantawa, hancinsa ya ɗebi rabonsa. Mai fenti na ihu a bar masa aikinsa, direba na riƙe da ciki don dariya, har sai da ya dubi agogo dariyar ta tsaya cak.

"Yaya, ɗaya saura biyar. Daga sabon gida zuwa wurin jarrabawa rabin awa ne, in hanya ta yi kyau."

Suka dawo, Darakta fari tun daga gira har takalmi. Uwargida na ganinsa ta gane, ba ta ma tambaya ba.

"A buɗe kwalaye," in ji ta. "Ina wuƙa?"

"Tana kwali," in ji Darakta a hankali.

"Almakashi?"

"Shi ma."

Sai da aka ƙwanƙwasa wa sababbin maƙwabta aka aro wuƙa, kuma wanda ya ba da aron wuƙa ai sai ya biyo ta. Kafin minti biyar ƙofar gida ta cika da mutanen da ba su ma san sunan masu gidan ba. Ɗakin ya yi kaɗan, don haka waje ake jawo kwali a farke. Kowane ɗauri na Darakta sai an yi kokawa da shi. Aka buɗe fitila, aka ga tocila da man goge takalmi. Aka buɗe kifi, aka ga soson wanka da rigar sanyi. Wata dattijuwa daga gidan da ke kallon nasu ta ɗaga cokali a hannu ɗaya, shebur a ɗaya, ta ce, "Bayin Allah, daga gobara kuka fito?"

Ɗaya da kwata, kwali goma sha ɗaya kawai aka buɗe, kuma katin ɗan mitsitsi ne, yana iya maƙalewa a cikin komai. Darakta na ta zagaye yana ba da umarnin da babu mai ji. Ana haka ya ga fuskar 'yarsa. Ba kuka take ba, tsaye kawai take ta ƙanƙame birukanta, kuma wannan ya fi kuka ciwo.

Sai ta ajiye birukan, ta jawo wani kwali, ta ce, "Baba, zauna."

Ya zauna.

"Yadda ka koya mana za mu yi. Abu a tsakiya, sai abin da ya fara zuwa. Ka ɗaga katin, ka lumshe ido. Jarrabawa. Me ya zo maka?"

Darakta ya dubi taron jama'a, ya gyara zama. "Nasara mana! Ni da ban taɓa shiga ɗakin jarrabawa na fito na biyu ba."

Aka tono kwali mai hoton tuta, aka farke. Kofin gasar gudu na ƙanin yarinyar ne a ciki, da maganin sauro, da tarkon ɓera. Babu kati.

"To Ilimi," in ji shi. "Ku duba littattafai."

Aka zazzage littattafai a ƙasa, uwargida da dattijuwa suna kaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Babu. Direba ya riga ya tayar da mota, ya leƙo ta taga ya ce ɗaya da minti ashirin da biyu.

Yarinyar ta durƙusa a gaban mahaifinta, ta rage murya, amma wurin ya yi tsit har kowa na ji.

"Baba, lokacin da ka sa shi kai kaɗai ne a falo, babu mai kallonka. Don Allah ba abin da ya kamata ya zo ba. Abin da ya zo."

Darakta ya dubi mai aski, wanda shekara da shekaru yake sauraron labaran bajintarsa. Ya dubi sababbin maƙwabta da yake shirin fara ba su nasu daga gobe. Ya dubi 'yarsa.

"Tsoro," in ji shi.

"Daga tsoro fa?"

"Ciki."

"Ciki kamar yaya?"

"Murɗawa yake, Uwata." Fenti na tsattsagewa a goshinsa saboda gumi. "Sau uku na zauna jarrabawar gama sakandare. Duk ukun, da an raba takarda sai cikina ya juya. Mai gadin banɗaki ya fi mai sa ido sanin fuskata."

"Banɗaki!" uwargida ta daka tsawa. "Wane hoto ka yi masa?"

"Mutum yana gudu. Ruwan ƙasa."

Can ƙasan tuli aka hango shi, ɗan mutum ruwan ƙasa ya zage yana sheƙa gudu. Maza huɗu suka janye shi, kwalaye uku suka rikito, babu wanda ya waiwaya. Aka farke. Burushin wanke masai, bokiti, maganin gudawa, takardar banɗaki. A cikin ramin takardar, an naɗe shi a leda tsaf don kada ya jiƙe, ga kati.

Wurin ya kaure da shewa. Mai aski ya zame daga tsaye ya zauna a ƙasa yana bubbuga cinya. Dattijuwa ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Darakta ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

'Yarsa ta karɓi katin, ta sunkuyo daidai kunnensa. "Baba, ni ma tun safe sau huɗu na zaga. Na ɗauka ni kaɗai ce."

Ta ruga ta faɗa mota, kawunta ya fizgi motar da gudu har ƙofar baya tana lilo.

Jama'a ba su watse ba, suka tsaya taya uwargida tattara kaya daga titi, kowa na tsokanar Darakta yana cewa a zana masa tasa taswirar. Shi kuwa idonsa na kan agogon hannunsa. Biyu saura kwata ya fara dafa ciki. Biyu saura goma ya miƙe, ya sunkuci kwalin ɗan mutum mai gudu, mutane suka dare masa hanya.

Biyu da minti ɗaya waya ta yi ƙara. Uwargida ta amsa, ta yi hamdala, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki.

"Baban yara, an kai. Saura minti uku a rufe ƙofa ta samu wuri. Fito haka nan."

Can murya ta fito daga ciki, a sanyaye.

"Awa nawa ce jarrabawar?"

"Uku."

"To ku ci gaba da jera kaya. Ina nan sai ta gama."